Shadda ta ƙone, fuska ta yi duhu: in sayar da kyamarar ko in haƙura?

Autan Gwaggo: Assalamu alaikum 'yan gida. Don Allah a ba ni shawara kafin in yi wa kuɗina aika-aika. Ranar Asabar aka ɗaura auren yayata, ni aka bar wa hoton ɗaurin aure saboda mai hoton da aka ɗauko sai da daddare zai zo wajen dina. Kyamarata Canon 600D ce ta hannu, da idon nan (wato lens) 18-55 da take zuwa da shi. Ƙarfe sha ɗaya da rabi aka shafa fatiha, aka fito ƙofar masallaci, rana kamar ta fasa kai, ango da abokansa kowa cikin farar shadda. A allon kyamara na ga komai lafiya lau. Da na zuba a laftof sai gabana ya faɗi. Inda fuska ta fito, rigar ta koma kamar farar takarda, aikin wuyan nan da aka kashe wa kuɗi babu shi babu alamarsa. Inda riga ta fito kuma, fuskokin sun yi duhu, idanu sun shige cikin inuwa. Na ja haske a manhajar gyaran hoto ta Snapseed, fatar ta koma toka-toka da wasu 'yan murabba'ai a kumatu. Sau biyu angon yana tambaya, ina ce masa ana kan gyara. Wani abokina ya ce kyamarar ce ta tsufa, in sayar in cika kuɗi in sayi Canon 5D Mark III. Ya kuka gani?

Kawu Mai Situdiyo: Wa alaikumus salam ɗana. Kafin a je ga saye da sayarwa, a kan me ka ajiye maɓallin saman kyamara na zaɓen yanayin ɗauka? Kuma ina ka tsayar da mutanen?

Autan Gwaggo: A kan koren nan na Auto, Kawu. Mutane kuwa ban tsayar da kowa ba, inda na gan su nan na ɗauka.

Kawu Mai Situdiyo: To ka bar kyamara ta huta, ba ta yi maka laifin komai ba.

Injiniyan Kubwa: Tambaya ɗaya zan ƙara a kan ta Kawu. Ka duba ƙarshen sunan fayil ɗin, JPG aka rubuta ko CR2?

Autan Gwaggo: JPG ne duka, Yaya. CR2 ɗin ma ban taɓa ganinsa ba.

Injiniyan Kubwa: Nan gizo ke saƙar. Bari in yi maka bayani da abin da ka sani. In ka sayi yadi biyar na shadda ka ajiye, kana da zaɓi: babbar riga, kaftani, duk abin da ka ga dama. Wannan shi ne RAW, ɗanyen fayil ɗin da kyamara ba ta sarrafa ba, wanda Canon ke kira CR2 a irin taka, Nikon ke kira NEF, Sony kuma ARW. JPEG kuwa tela ya riga ya sa almakashi, ya ɗinka, ya share ƙyallen da ya rage ya zubar. Telan shi ne kyamarar. In rigar ta yi maka yawa za a ɗan rage, in ta matse ka sai haƙuri.

A lissafi, JPEG yana riƙe matakin haske 256 ne kacal a kowane launi cikin ukun nan, ja da kore da shuɗi. RAW ɗin 600D yana riƙe 16,384. Shi ya sa in ka ɗaga inuwa a RAW ake samun abin ɗagawa, a JPEG kuwa sai fata ta dagule. 'Yan murabba'an da ka gani a kumatu ba datti ba ne. Haka JPEG ke matse hoto tun da aka fito da shi a 1992, yana yanka shi gida-gida, ɗigo takwas a tsaye takwas a kwance, ya watsar da abin da yake ganin ido ba zai lura ba. Da ka ja haske da ƙarfi sai ka tona masa asiri.

Kawu Mai Situdiyo: Injiniya ka iya lissafi, Allah ya ƙara basira. Amma ni da na fara wannan sana'a da fim mai hoto 36, wanda sai an kai ɗakin wanki bayan kwana biyu za ka san abin da ka yi, ban yarda a koya wa yaro cewa magani yana cikin kwamfuta ba. Farar shadda da baƙar fata a tsakar rana tsohuwar rigima ce, mun sha ta tun kafin a haife shi. Maganinta baki ne. Ka buɗe baki ka ce, ranka ya daɗe a ɗan matso ƙarƙashin rumfar nan, ko gindin darbejiyar can. Taku goma ne. A inuwa hasken riga da na fuska suna matsowa kusa da juna, ko wayar hannu ma sai ta ɗauka. In babu inuwa, ka juya su rana ta koma bayansu, ka auna haskenka a kan riga, ka kunna filasha ta cike fuska. Eh, filasha da rana tsaka. Mutane za su yi maka dariya, ka ƙyale su. A rana mai ƙarfi ka bar Auto ka saita da hannu, ka fara da ISO (ƙarfin jin haske) 100, saurin shota 1/200, faɗin ƙofar ido f/11, sannan ka gyara daga nan.

Matsalar yaran yanzu kunya. Suna jin nauyin ce wa manya su matsa, sai su tsaya daga nesa suna ta harbi kamar masu jifan tsuntsu.

Autan Gwaggo: Wallahi Kawu kamar kana wurin. Waliyyin ango ne a tsaye da wasu dattawa, ina zan iya ce musu su matsa.

Injiniyan Kubwa: Ban musa wa Kawu ba ko kaɗan. Sai dai 'yar filashar da ke kan 600D ba ta da ƙarfi, a f/11 in mutum ya wuce taku biyu zuwa uku ba za ta yi masa komai ba. Sai babbar filasha ta ɗorawa a kan kyamara. Kuma ba kullum ake samun damar matsar da mutane ba. Lokacin da liman ya ɗaga hannu ana addu'a, wa za ka ce wa ya koma inuwa?

Mai Rahoto: Ni dai ina bayan Kawu. Aikin jarida nake, kuma JPEG nake ɗauka kusan kullum. A 2015 kamfanin dillancin labarai na Reuters ya gaya wa masu aiko masa hoto daga waje cewa JPEG ɗin da kyamara ta fitar yake so, ba wanda aka sarrafa daga RAW ba, saboda sauri da kuma gudun a wuce gona da iri wajen gyara. In su ya ishe su, mu su wa?

Injiniyan Kubwa: Malam, su kuma masu gasar World Press Photo ainihin fayil ɗin da kyamara ta ɗauka suke nema daga waɗanda suka kai zagayen ƙarshe, galibi RAW, don su gwada da wanda aka turo su ga ko an yi coge. Kowa da kiwon da ya karɓe shi. Kai edita na jiranka cikin minti goma. Shi Auta ango ne ke jiransa, kuma hoton zai zauna a bangon falo shekara talatin.

Maman Biyu: Sallama dai maza, kun cika wuri. Ni ce ke shiga inda ba kwa shiga, wajen sa lalle da kamu da wunin mata, don haka bari in faɗi nawa. Abin da ya mayar da ni RAW ba rana ba ce, fitilun zauren biki ne. Masu ado yanzu sai su zuba fitila shuɗiya a nan, mai ruwan hoda a can, ga farar fitilar mai bidiyo tana dukan fuska. Akwai amaryar da na ɗauka shekarun baya, an yi mata kwalliya tun azahar, lalle ya kama raɗau, leshi ruwan zuma. A JPEG ta fito kamar an tsoma ta a baba. Kwana biyu ina fama, in na gyara fata leshi ya koma kore, in na gyara leshi fata ta koma ja. Uwar amarya ba ta yi mini faɗa ba, cewa kawai ta yi, "Ai ba haka kayan suke ba." Wannan maganar ta fi zagi ciwo. A RAW launin haske ba a ɗaure yake ba, sai ka zauna daga baya ka taɓa wani farin abu a hoton, ko gefen faranti ko takardar goge hannu, komai ya dawo hayyacinsa.

Amma kar a ruɗe ka, ƙanena, akwai wahala. Amare ba sa jira. Tun ana wajen ƙawaye ke biyo ni, "Anti a turo mana mu sa a sitatus." Shi ya sa nake sa kyamara ta ɗauki biyun a tare, RAW da JPEG. Na rabawa a daren daga JPEG, na albam da na bango daga RAW. Taka ma tana yi, ka shiga wajen Quality za ka ga RAW+L.

Autan Gwaggo: Na gani Anti! Amma da na zaɓa, adadin hoton da ya rage a memori ya zube ƙasa warwas.

Maman Biyu: Dole. A kyamararka RAW ɗaya wajen megabait 25 ne, JPEG kuma shida zuwa bakwai. Memori mai giga 32 zai ɗauki wajen dubu in kana haɗa biyun. Biki ɗaya ya ishe ka in ba harbin banza kake ba. Inda za ka ji jiki wajen ajiya ne a laftof, da kuma ranar da aka ɗauke wuta kana tsakiyar gyara.

Ɗan Damagaram: Gaisuwa ga manya. Ni kokowa nake ɗauka, kuma 600D ɗin nan na riƙe ta shekaru. Ku gaya masa gaskiya duka. In ka danne maɓalli a RAW, hoto shida take yi ta tsaya tana nishi sai ta gama rubutawa a kati. A JPEG tana wuce talatin. A fili, kaye ba ya sallama. Mutum biyu za su yi minti biyar suna riƙe da juna kamar ba za a yi komai ba, ka ƙyafta ido wani yana ƙasa, makaɗa sun ɓarke, jama'a sun cika fili. Sau ɗaya na gwada RAW a wasan kusa da na ƙarshe, na samu kamun, na samu ɗagawar, daidai faɗuwar kyamara ta tsaya. Tun ranar ban sake ba. Ga ƙura kuma, in iskar hunturu ta taso ba na cire ido daga jikin kyamara ko da wa ya roƙe ni, don in ta shiga ta zauna kan sensa, wato farantin da ke kama hoto a cikin kyamara, duk hoton da sama ta fito sai ka ga ɗigo-ɗigo.

Nikon Har Abada: Duk wannan dogon turanci maganinsa ɗaya, ya sayar ya sayi Nikon. Ko D3200 ta 2012 ta fi 600D riƙe inuwa, ga megafiksel 24 a kan 18. Canon sai suna.

Ɗan Damagaram: Ga shi nan ya iso. Ka gaya musu yadda ka sayi ido 50mm f/1.8D ka ɗora a D3200 ta ƙi kama fokas da kanta, ka zo nan kana cewa an yi maka sihiri.

Nikon Har Abada: Wannan rashin sani ne, jikin ba shi da motar juya tsofaffin idanu, f/1.8G mai motarsa a ciki ya kamata in saya. Kuma ai mun ce an bar maganar.

Shugaban Zaure: Jama'a, rigimar Canon da Nikon an hana ta a nan tun bara. A koma kan tambayar yaro.

Injiniyan Kubwa: A gaskiya abin da ya faɗa game da inuwa ba ƙarya ba ne, amma ba shi zai sa a sauya gida ba. Auta, ga abin da abokinka bai gaya maka ba. Idonka 18-55 nau'in EF-S ne, ba ya hawa 5D kwata-kwata. Ranar da ka sayo ta sai ka nemi kuɗin wani ido. Ba ta da filasha a kai. Kuma in ka bar ta a Auto da JPEG ka tsaya a ƙofar masallacin nan da sha ɗaya da rabi, shaddar za ta ƙone kamar yadda ta ƙone, sai dai ta ƙone da tsada. 5D Mark III kyamara ce ta gaske, tana cin memori biyu a lokaci guda, wanda ga mai aikin biki babban abu ne. Amma ba ita ce ciwonka ba yanzu.

Maganar megafiksel kuma, mu yi lissafi. Hoto mai inci 8 da 10, in za a wanke shi da kyau a ɗigo 300 kowane inci, 2400 sau 3000 ne, wato megafiksel 7.2. Kai kana da 18.

Kawu Mai Situdiyo: In kuɗin na ƙaiƙayinsa ya sayi filashar ɗorawa da 50mm f/1.8. Idon nan na roba ne, ba shi da nauyi, amma a buɗe yana shigar da haske kusan ninki goma na abin da 18-55 ke shigarwa in an zuƙo shi ƙarshe. Ranar da ka fara ɗaukar mutum da shi ka ga baya ya narke, ba za ka yi barci ba.

Maman Biyu: Kawu a yi mini afuwa, a nan kam zan ja. A situdiyo ko a waje, 50 sarki ne. Amma a jikin 600D yana komawa kamar 80, saboda sensar ƙarama ce. Ka shiga ɗakin amarya da shi, gado ya cinye rabi, akwatuna sun cinye sauran, ƙawaye tara suna so su fito tare, bayanka na jikin bango. Fuska biyu za ka samu da kafaɗar ta uku. Ni 24mm f/2.8 ɗin nan siriri kamar faifai nake sawa a ɗaki.

Kawu Mai Situdiyo: Na karɓa, 'yata. Ɗakin amarya ba hurumina ba ne.

Hajiya Mai Atamfa: Ku yi haƙuri in shigo da tawa, tunda an taɓo launi. Ni ba kyamara gare ni ba, iPhone ce, da ita nake ɗaukar atamfa da leshi ina tura wa masu saye. Abu biyu ke damuna. Na ɗaya, in na tura a WhatsApp zanen sai ya dushe, ƙananan furanni su cakuɗe. Na biyu, na kai hotuna a buga mini kalanda, yaron shagon ya ce kwamfutarsa ba ta buɗe su, wai HEIC ne. Mene ne kuma HEIC?

Injiniyan Kubwa: Hajiya barka da kasuwa. Tun 2017 Apple ya mayar da wayoyinsa kan HEIC, yana cin kusan rabin wurin da JPEG ke ci, sai dai tsofaffin kwamfutoci ba su san shi ba. Ki shiga Settings, Camera, Formats, ki zaɓi Most Compatible, daga nan JPEG za ta riƙa yi. WhatsApp kuwa matse hoto yake don ya rage cin data. Ki danna HD kafin ki tura, ko ki tura shi a matsayin Document, zai isa yadda yake. Kuma duk hoton da aka tura, aka sauke, aka gyara, aka sake turawa, kowane zagaye sai ya ƙara lalacewa. Ki riƙe na asali a wuri ɗaya, kullum daga shi za ki tura.

Maman Biyu: Hajiya ƙarin bayani, don wannan ya shafe mu mata. Hoton da aka tura ta Document yana tafiya da duk bayanan da ke cikinsa, har da inda aka ɗauka in wayar na rubuta wuri. In a gida kike ɗaukar kayan, ki kashe wa kyamara izinin sanin wuri kafin ki tura wa wanda ba ki sani ba. Launi kuma, ki shimfiɗa atamfar a bakin ƙofa da hantsi inda rana ba ta duka kai tsaye, ki kashe fitilar ɗaki. Haɗa hasken fitila da na rana shi ke mayar da ruwan goro ya koma ja.

Hajiya Mai Atamfa: Allah ya yi albarka, ya raya biyun nan.

Mai Rahoto: Tunda Auta zai ƙara memori, ya yi hattara. Na taɓa sayen mai giga 128 a wani shago da araha har ina murna. Na je aiki na kwana biyu, kyamara na nuna komai na shiga. Da na dawo, hotunan farko ne kawai suka buɗe, sauran duk sunaye ne babu komai a ciki. Ashe cikinsa bai fi giga 8 ba, an yi masa rubutun ƙarya ne. Yanzu duk wanda na saya sai na gwada shi da H2testw, kyauta ce, tana cika shi taf ta karanta ta gaya maka gaskiyarsa. Kuma gara 32 guda biyu da 64 guda ɗaya.

Autan Gwaggo: Na gode ƙwarai, na fasa sayarwa. Amma tsugune ba ta ƙare ba. Waɗannan da na riga na ɗauka fa? Me zan ce wa ango?

Injiniyan Kubwa: Waɗanda rigar ta koma fari fat, ka yi musu addu'a. Babu komai a wurin, ko RAW ne ma in ya ƙone ƙurmus ba ya dawowa, abin da ya fi JPEG da shi ɗan rata ne. Ka zaɓi waɗanda riga ta fito fuska ta yi duhu, ka ɗaga fuskar kaɗan da burushi, ban da hoton gaba ɗaya, kuma ka tsaya tun kafin ta fara toka. Wasu in ka mayar da su baƙi da fari za su ba ka mamaki. Nan gaba in ka ɗauka ka danna INFO har ƙaramin hoto ya fito da jadawalin haske a gefe, duk inda ya ƙone zai riƙa ƙyaftawa. Allon kyamara a cikin rana maƙaryaci ne.

Kawu Mai Situdiyo: Ni kuwa ga tawa dabarar ta tsofaffi. Ango sabo ne, shaddar na nan da sitacinta. Ranar Juma'a zai sa ta, abokai ma haka. Ka ce musu bayan an sauko a haɗu, ka nemi inuwa mai kyau, ka jera su yadda kake so. Wanda zai ga hoton a bango nan da shekara goma ba zai tambayi ranar ba.

Autan Gwaggo: Na dawo da rahoto. Jiya da yamma na gwada RAW a kan ƙanena, na sa masa farar jallabiya a tsakar gida. Laftof ta ƙi buɗe hoton sai da na sauko da Digital Photo Professional na Canon, kyauta ne ashe, lambar jikin kyamara kawai suka nema. Na ja hasken riga ƙasa, sai ga ɗinkin aljihu ya fito, har na yi ihu Gwaggo ta leƙo. Amma da na buɗe shi a wata manhajar mai suna darktable sai na ga ya yi fari-fari ba armashi, bai kai wanda na gani a bayan kyamara kyau ba. Na ɓata wani abu ne?

Injiniyan Kubwa: Ba ka ɓata komai ba. Wanda kake gani a bayan kyamara ɗan ƙaramin JPEG ne da take ɗinkawa ta cusa a cikin RAW ɗin. Manhajar Canon ta san irin ɗinkin gidansu, sai ta fara maka daga nan. Ita darktable yadin ta miƙo maka. Ka zauna a ta Canon tukuna har hannunka ya faɗa.

Maman Biyu: Ango fa, ya yarda da Juma'ar?

Autan Gwaggo: Ya yarda Anti, har ya ce zai zo da turare. Matsalar babban abokinsa ya koma Sakkwato tun ranar Lahadi, kuma shi ne dogon da ke tsaye a damansa a kowane hoto.

Nikon Har Abada: Nawa ne tsayinsa? Ina da farar shadda.